BABI NA UKU: TARIHIN CUNKOSO DA HANYOYIN KARE TSARIN WAYAR TARHO, 1878 ZUWA 2014

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda kamfanonin wayar tarho suka fuskanci matsalar cunkoso, tun daga kafa tashar haɗa waya ta farko a 1878 har zuwa zamanin wayar salula. Abin da ake nufi da cunkoso a nan shi ne yanayin da masu neman yin magana suka fi ƙarfin layuka da na'urorin da aka tanada domin haɗa su. Babin zai nuna cewa tun farko ba a gina tsarin tarho da niyyar kowa da kowa ya yi magana a lokaci guda ba, domin yin haka zai ci kuɗin da babu mai iya biya. An gina shi ne bisa lissafin cewa mutane ƙalilan ne za su ɗaga waya a tare. Duk ranar da wannan lissafi ya warware, kamar ranar girgizar ƙasa ko harin bam, tilas ne a hana wasu magana domin wasu su samu. Saboda haka tarihin kare tarho daga cunkoso tarihi ne na koyon yadda ake mayar da kira baya, wato a ina za a tare shi, a wane lokaci, kuma kiran wa za a tare.

Mafi yawan misalan da za a kawo daga Amurka da Danmak da Ingila da Japan suke, domin a can ne aka ƙirƙiro waɗannan dabaru, aka kuma jarraba su. Daga ƙarshe za a dubi yadda lamarin ya kasance a Nijeriya. Domin sauƙin bayani, wurin da ake haɗa kiran mutum da na wani za a kira shi tashar haɗa waya, layin da ke tsakanin tasha da tasha kuwa za a kira shi layin gada.

3.1 Zamanin Haɗa Waya da Hannu

Alexander Graham Bell ya sami takardar mallakar fasahar tarho a watan Maris na 1876. Ba a cika shekara biyu ba aka buɗe tashar haɗa waya ta kasuwanci ta farko a garin New Haven na Amurka, a watan Janairu na 1878, da masu waya 21. Allon da George Coy ya ƙera wa wannan tasha yana iya ɗaukar masu waya 64, amma hira biyu kacal yake iya haɗawa a lokaci guda. Wannan ya nuna cewa tun ranar farko akwai tazara mai faɗi tsakanin yawan masu waya da yawan waɗanda za su iya magana tare.

A wancan zamani kariyar tsarin tana hannun ma'aikatan da ke zaune gaban allo, waɗanda yawancinsu mata ne. Idan layukan gada suka cika, ma'aikaciya takan rubuta sunan mai kira a takarda, ta ce ya ajiye waya, in layi ya samu ta kira shi. Haka kuma tana iya gane kiran da ke neman likita ko 'yan kwana-kwana ta gabatar da shi. Sai dai su kansu ma'aikatan iyaka ne ga tsarin. A 1879 cutar ƙyanda ta ɓarke a garin Lowell, inda ma'aikata 4 ne suka haddace sunayen masu waya kimanin 200. Wani likita mai suna Moses Greeley Parker ya hango cewa idan suka kwanta ciwo babu mai iya maye gurbinsu da sauri, sai ya ba da shawarar a ba kowace waya lamba. A 1918 kuma, lokacin annobar murar nan da Hausawa suka sani da marisuwa, ma'aikata da yawa suka kwanta, har kamfanin tarho na Niyok ya riƙa roƙon jama'a su daina kira sai da larura.

Irin wannan roƙo ya sake dawowa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. An karkatar da jan ƙarfe da sauran kayan aiki zuwa ƙera makamai, ba a iya shimfiɗa sababbin layuka yadda ake buƙata ba, ga kuma kira ya ƙaru. Kamfanonin Bell suka riƙa buga talla suna neman kada kiran nesa ya wuce minti 5, kuma a bar wa sojoji lokacin da ke tsakanin ƙarfe 7 da 10 na dare domin su gana da iyalansu. Ke nan hanyar kariya ta farko ita ce hankalin ma'aikaci da haƙurin jama'a.

3.2 Erlang da Lissafin Cunkoso

Tambayar da ta daɗe tana damun kamfanoni ita ce, layukan gada nawa ya kamata a shimfiɗa tsakanin tasha da tasha? In sun yi kaɗan masu waya su koka, in sun yi yawa kuɗi ya kwanta a ƙasa. Wanda ya ba da amsar da aka dogara da ita shi ne Agner Krarup Erlang, masanin lissafi ɗan ƙasar Danmak, wanda aka haifa a 1878 ya rasu a 1929. Ya fara aiki da kamfanin tarho na Kopenhagen a 1908. A maƙalarsa ta 1909 ya nuna cewa ko da yake babu wanda ya san lokacin da wani mutum zai ɗaga waya, kiran jama'a masu yawa yana bin wata ƙa'ida ta lissafi da za a iya aunawa. A 1917 ya fitar da tsarin lissafin da ke faɗin kaso nawa na kira zai tarar da layuka a cike, idan an san yawan layukan da nauyin kiran. A 1946 hukumar tarho ta ƙasa da ƙasa ta sa wa ma'aunin nauyin kira sunansa.

Erlang 1 shi ne layi ɗaya da aka riƙe tsawon sa'a guda ba yankewa. Alal misali, idan aka yi kira 60 cikin sa'a ɗaya, kowanne ya ɗauki minti 3, an sami minti 180, wato erlang 3. Injiniyoyi ba sa auna dukkan yini. Sukan ɗauki sa'ar da ta fi kowace cika a ranar aiki, su yi tanadi dominta, su kuma yarda tun farko cewa wani ƙaramin kaso, galibi kira 1 cikin 100, zai tarar da hanya a toshe. Wato an shigar da hana kira cikin ginin tsarin da gangan.

Lissafin Erlang ya bayyana wani abu mai muhimmanci ga sauran wannan babi. Idan ana so kada kiran da ake hanawa ya wuce 1 cikin 100, layuka 10 za su ɗauki kimanin erlang 4.5 ne kawai, wato fiye da rabin lokaci a zaune suke. Layuka 100 kuwa za su ɗauki kimanin erlang 84. Ke nan tara layuka wuri guda ya fi riba ƙwarai. Amma idan nauyin kira ya ƙaru da kashi 20 cikin 100, kiran da ake hanawa a rukunin layuka 10 ba zai kai 3 cikin 100 ba, alhali a rukunin layuka 100 zai haura zuwa wajen 8 cikin 100. Dalili shi ne ƙaramin rukuni yana da rara mai yawa, babba kuwa kusan a cike yake aiki kullum. Duk tsimin da aka yi wajen gina tsarin, daga cikin rarar da zai jingina da ita ranar wahala aka yanko shi.

3.3 Na'urori Masu Haɗa Kira da Kansu

Almon Strowger, wani mai sana'ar shirya jana'iza a Amurka, ya sami takardar mallakar na'urar haɗa kira ba tare da ma'aikaci ba a 1891, aka fara aiki da ita a garin La Porte a 1892. A na'urar Strowger kowace lamba da aka buga ita ke motsa nata ƙarfen, daki-daki, har kira ya isa. Idan hanya ta toshe a wani mataki, wannan kira ne kaɗai ke faɗuwa.

Al'amarin ya canza da zuwan wata na'ura mai sanduna a gicciye, wadda kamfanonin Bell suka fara aiki da ita a Brooklyn a 1938. A wannan tsari an ware wasu 'yan na'urori da duk masu waya ke tarayya a kansu. Ɗaya takan karɓi lambar da aka buga ta ajiye, wata ta zaɓi hanya, da zarar an haɗa kira sai su saki su koma kan na gaba. Aikinsu ya yi kama da na ɗan kamasho a tashar mota, wanda shi kaɗai ke cika motoci da yawa amma ba ya bin kowace. Tsarin ya rage kuɗi, ya kuma ba da damar mutum ya buga kiran nesa da kansa, abin da aka fara a ranar 10 ga Nuwamba, 1951, tsakanin Englewood da Alameda. An kuma jera tashoshin Amurka hawa biyar, ta yadda idan hanyar kai tsaye ta cika, kira zai zagaya ta wata tasha mafi girma.

Wannan ci gaba ya zo da sabuwar illa. Idan tashar wani gari ta cika, na'urorin ajiye lamba na sauran garuruwa sukan tsaya jiran amsarta. Suna nan tsaye sai wasu kiraye-kirayen su taru a bayansu, har mutumin da ke son kiran maƙwabcinsa ya ɗaga waya bai ji sautin izinin buga lamba ba. Bugu da ƙari, wanda bai samu ba yakan sake bugawa nan take, sau biyu ko sau goma, kuma kowace bugawa tana cin lokacin na'ura kamar kiran da ya yi nasara. Haka nan kiran da ya zagaya yakan riƙe layukan gada biyu ko uku maimakon ɗaya, ya toshe wa wasu hanyarsu ta kai tsaye, su ma su zagaya. Sakamakon haka shi ne, bayan nauyi ya wuce wani mizani, yawan kiran da ke isa yakan fara raguwa maimakon ya tsaya inda yake.

An ga haka a ranar 22 ga Nuwamba, 1963, da aka kashe Shugaba Kennedy, inda jama'ar Washinton suka ɗaga waya a tare, har wasu manyan jami'an gwamnati suka yi ta fama kafin su sami layi. An kuma gani a Niyok a 1969, amma ta wata fuska. Kamfanin birnin ya yi kuskuren hasashen yadda buƙata za ta ƙaru, bai faɗaɗa kayan aiki a kan kari ba, ga hada-hadar kasuwar hannun jari ta bunƙasa. Tashoshi irin su PLaza 8 suka riƙa cijewa a ranakun aiki na yau da kullum. Misalin farko cunkoso ne na kwatsam, na biyu kuwa na ƙarancin jari ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

3.4 Dabarun Kariya

A 1962 kamfanin AT&T ya buɗe cibiyar lura da zirga-zirgar kira a Niyok, wadda aka mayar da ita Bedminster a 1977. Daga nan ake kallon dukkan manyan tashoshin ƙasar ana ba da umarni. Manufar ma'aikatan cibiyar ita ce a cika layuka da kiran da ke da alamar isa, a kuma tare wanda ba zai isa ba tun a tashar da ya taso, kafin ya ɓata layukan gada. Dabarun da suka yi fice su ne kamar haka:

Na farko, rage kira zuwa wuri ɗaya. Idan aka ga kowa na neman gari ɗaya ko lamba ɗaya, sai a umarci tashoshi su hana wani kaso na kiran, ko kuma su bar kira ɗaya ya wuce a cikin kowane tsawon lokaci da aka ƙayyade, misali daƙiƙa 5. Dabara ta biyun ta fi inganci, domin komai yawan masu sake bugawa, adadin da ke wucewa ba ya ƙaruwa.

Na biyu, keɓe layuka. Idan layukan gada suka kusa ƙarewa, sai a hana kiran zagaye taɓa 'yan kaɗan ɗin da suka rage, a bar su ga kiran kai tsaye. A ranakun da aka san za a cika, kamar ranar tunawa da iyaye mata wadda ta yi suna a Amurka wajen yawan kiran nesa, akan dakatar da wasu hanyoyin zagaye gaba ɗaya.

Na uku, tasha ta yi kuka da kanta. Idan na'urar tasha ta ji nauyi ya yi mata yawa, sai ta aika wa maƙwabtanta saƙo su rage abin da suke turo mata, ba tare da jiran umarnin mutum ba.

Na huɗu, ƙuntata hanya da gangan. Gidajen rediyo masu shirya gasar wanda ya fara kira ya ci kyauta sun sha durƙusar da tashoshi. Sai aka ware musu lambobi na musamman, aka ba kowace tasha layukan gada biyu ko uku kacal zuwa gare su, domin sauran masu kira su ji layi a cike tun daga unguwarsu. A ranar 5 ga Maris, 1977, da Shugaba Carter ya amsa tambayoyin jama'a ta rediyo, an yi yunƙurin kira sama da miliyan 9, amma mutum 42 ne suka yi magana da shi, kuma harkar tarho ta ƙasar ta ci gaba da gudana.

Na biyar, farashi. Rangwamen da ake yi wa kiran dare da na ƙarshen mako hanya ce ta janye mutane daga sa'ar cunkoso zuwa lokacin da layuka ke zaune.

An ga amfanin waɗannan dabaru a girgizar ƙasar da ta auka wa yankin San Faransisko a ranar 17 ga Oktoba, 1989. AT&T ya tare kaso mai yawa na kiran da ke shiga yankin, domin mutanen da abin ya shafa su sami layin kira waje. Hikimar ita ce, kira ɗaya da ya fito daga wanda ya tsira yana kwantar da hankalin dangi da yawa, waɗanda da ba haka ba kowannensu zai yi ta bugawa.

3.5 Rushewar 15 ga Janairu, 1990

Daga 1976 AT&T ya fara kafa manyan tashoshi masu aiki da kwamfuta, samfurin 4ESS, aka kuma raba hanyar da tashoshi ke aika wa juna saƙon shirya kira da hanyar da murya ke bi. Zuwa 1990 akwai irin waɗannan tashoshi 114 a Amurka, dukkansu da umarnin kwamfuta iri ɗaya. An tsara kowace ta yadda idan ta ga matsala a jikinta za ta janye na 'yan daƙiƙu, ta sanar da sauran su daina turo mata kira, ta gyara kanta, sannan ta dawo. A watan Disamba na 1989 an sabunta umarnin domin wannan dawowa ta ƙara sauri.

Da misalin ƙarfe 2:25 na rana, ranar Litinin 15 ga Janairu, 1990, wata tasha a Niyok ta sami 'yar matsala, ta janye, ta dawo kamar yadda aka tsara, ta fara tura kiran da ya taru mata. A cikin sabon umarnin akwai kuskure a layi guda na rubutu. Idan tasha tana cikin rubuta cewa maƙwabciyarta ta dawo, sai saƙo na biyu ya iso kafin kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa ya wuce, bayananta sukan rikice, ita ma ta janye domin gyara kanta. Da ta dawo sai ta yi wa wasu abin da aka yi mata. Cikin ɗan lokaci tashoshin suka shiga faɗuwa da tashi a duk faɗin ƙasar. An shafe kimanin sa'a 9 a haka, wajen rabin kiran nesa na kamfanin bai isa ba, aka kuma ƙiyasta asarar kuɗin shiga da ta kai dala miliyan 60. Injiniyoyi sun shawo kan lamarin ne ta hanyar rage yawan saƙonnin da ke yawo tsakanin tashoshi, daga baya suka koma kan tsohon umarni.

Abin lura a nan shi ne nauyin kiran wannan rana bai wuce kima ba. Tsarin da aka gina domin kariya shi ne ya yaɗa cutar, kuma kasancewar duk tashoshin iri ɗaya ne ya sa babu wadda ta tsira. A watannin Yuni da Yuli na 1991 an sake samun makamancin haka a Washinton da Baltimore da Los Anjalas da Pittsburgh, sanadiyyar wani ƙaramin kuskure a umarnin na'urorin da ke rarraba saƙon shirya kira, miliyoyin mutane suka rasa waya na sa'o'i.

3.6 Wa Za a Bari, Wa Za a Hana?

Da ma'aikaciyar allo ta kau, an rasa mai bambance kiran likita da na mai gaisuwa. Dole aka nemi hanyar da na'ura za ta yi wannan zaɓi. A zamanin yaƙin cacar baka Ingila ta kasa layukan ƙasar gida uku, ta yadda a lokacin tashin hankali za a iya hana rukuni na uku, wato na sauran jama'a, buga kira, ko da yake za a iya kiransu. Tashoshin Amurka ma suna da irin wannan makunni. A tsarin salula na GSM kuwa, kowane katin waya na jama'a yana cikin ɗaya daga rukuni 10, daga 0 zuwa 9, an kuma ware rukuni na 11 zuwa 15 ga ma'aikatan gaggawa da na kamfani. Turken sadarwa yana iya sanar da rukunin da aka dakatar, wayoyin wannan rukuni su yi shiru ba tare da sun ko taɓa shi ba.

An jarraba wannan a Landan ranar 7 ga Yuli, 2005, bayan harin bama-baman da aka kai a jiragen ƙarƙashin ƙasa da motar bas. 'Yan sandan tsakiyar birnin suka nemi kamfanin O2 ya rufe wa jama'a hanya a kewayen kilomita 1 daga tashar Aldgate, aka yi haka daga tsakar rana zuwa ƙarfe 4:45 na yamma. Binciken da majalisar birnin ta fitar a 2006 ya nuna cewa babban kwamitin kula da lamarin bai amince da matakin ba tun farko, domin ma'aikatan agaji da yawa ba su da katin da aka ba fifiko. Su ma an rufe su tare da jama'a, aka kuma yi asarar kira dubu ɗaruruwa. A 2009 aka maye gurbin tsarin da wani sabo.

Amurka ta bi wata hanya. Tun 1994 ta ba jami'an gaggawa wata lamba ta musamman da lambar sirri, wadda ke sa kiransu ya tsallake matakan hana kira, ya kuma shiga gaban layi. Ba a yanke hirar kowa, ba a kuma rufe wa jama'a hanya. A harin 11 ga Satumba, 2001, kimanin kashi 95 cikin 100 na kiran da aka yi ta wannan hanya a Niyok da Washinton ya isa, sai dai wayar salula ba ta cikin tsarin, shi ya sa aka kafa mata nata daga 2002.

Japan kuwa ta nemi rage buƙatar kiran ne. A girgizar ƙasar Kobe ta 17 ga Janairu, 1995, kira zuwa yankin ya ninka na kullum kusan sau 50. Saboda haka a 1998 kamfanin NTT ya buɗe lamba 171, inda wanda bala'i ya shafa zai ajiye gajeren saƙon murya, danginsa su saurara daga ko'ina ba tare da sun kira yankin ba. A girgizar ƙasar 11 ga Maris, 2011, kamfanin NTT Docomo ya hana har kashi 90 cikin 100 na kiran murya, amma abin da ya hana na saƙon intanet bai wuce kashi 30 ba, kuma na ɗan lokaci. Dalili shi ne murya tana riƙe hanya tun daga farkon hira har ƙarshenta, saƙo kuwa yana iya jira ya wuce idan an sami sarari.

3.7 Halin da Aka Shiga a Nijeriya

Cunkoson da aka sani a Nijeriya ya fi kama da na Niyok a 1969, wato na ƙarancin kayan aiki. Lokacin samun 'yancin kai a 1960 layukan tarho a ƙasar ba su kai 19,000 ba. An kafa NITEL a 1985, amma zuwa 2000 layukan da ke aiki kimanin 400,000 ne ga al'ummar da ta haura miliyan 100. A wancan lokaci iyakar tsarin tana bayyana ne tun wajen samun layin, inda mutum kan yi shekaru yana jira, sannan wanda ya samu yakan daɗe riƙe da waya kafin ya ji sautin izinin buga lamba.

A watan Janairu na 2001 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowanne. Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta na wannan shekara, Glo ya biyo baya a 2003. Sayar da katin waya ya fi kafa turke sauri, ga matsalar wutar lantarki, ga ƙarancin layukan gada tsakanin kamfani da kamfani, har mutane suka koma riƙe waya biyu ko uku. A ranar 19 ga Satumba, 2003, masu waya da dama suka kashe wayoyinsu domin nuna fushi kan tsada da rashin ingancin aiki. Garaɓasar kiran dare da kamfanonin suka shigo da ita dabara ce irin ta farashi da aka ambata a sama, sai dai wasu garaɓasar sun ƙara cunkoson ne a maimakon rage shi.

Matakan da NCC ta ɗauka sun nuna inda ta ga matsalar take. A watan Mayu na 2012 ta ci tarar MTN da Glo da Airtel da Etisalat jimillar naira biliyan 1.17 saboda gaza cika ma'aunin inganci. A watan Nuwamba na wannan shekara ta dakatar da garaɓasa da gasar cin kyauta. A 2014 ta ci tarar MTN da Airtel da Glo naira miliyan 647.5, ta kuma hana su sayar da sabon katin waya tsawon watan Maris. Wannan mataki na ƙarshe shi ma tare kira ne tun daga tushe, sai dai a bakin shagon sayar da kati aka yi shi.

3.8 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa iyaka tana cikin ginin tsarin tarho tun daga allon New Haven mai ɗaukar hira biyu. Erlang ya mayar da wannan iyaka abin lissafi, lissafin nasa kuma ya nuna cewa tsarin da ya fi tsimi shi ya fi saurin jigata idan nauyi ya ƙaru. An ga yadda na'urorin tarayya da hanyoyin zagaye suka sa cunkoson gari ɗaya ya zama na ƙasa baki ɗaya, da yadda aka koyi tare kira tun a tushe domin ceton saura. Abin da ya faru a 1990 ya nuna cewa ita kanta kariyar tana buƙatar a jarraba ta sosai kafin a dogara da ita. Misalan Landan da Amurka da Japan sun nuna cewa zaɓen wanda za a hana magana hukunci ne da ya shafi rayuka, kuma sai an yanke shi, an raba katunan, an horar da ma'aikata tun kafin ranar bala'i, kamar yadda Hausawa ke cewa da sanyin safiya ake kama fara. Misalin Niyok da na Nijeriya kuwa sun nuna cewa waɗannan dabaru na cunkoson kwatsam ne. Inda buƙatar yau da kullum ta fi ƙarfin kayan aiki, sai an ƙara layuka da turaku kafin a ga sauƙi.